Ciwon da aka yi shekaru ana ce masa basir

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni haifaffiyar Zariya ce, aure ya kawo ni Kano, kuma koyarwa nake yi a makarantar firamare. Ina da lalurar da likitoci ke kira cutar siliyak, wadda ta raba ni da alkama da duk abin da aka sarrafa da ita, rabuwa ta har abada. Kafin a gano sunanta na sha maganin basir, na sha na taifod, na sha na olsa, an ɗaura mini jini, an yi mini ruƙiyya, na yi ɓari ba sau ɗaya ba. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan shi ne ina da yaƙinin a gidajenmu akwai masu irin ciwona, yara da manya, ana ta yi musu magani ta inda ciwon ba ya nan, ana kuma miƙa musu abin da ke rura shi da hannun ƙauna.

Tun tasowata ni ce 'yar lallaɓa a gidanmu. Ƙafafu sirara, ciki a gaba, gashi ba ya tsawo, haƙora da ɗigo-ɗigon fari da rawaya. Ƙanwata mai bi mini ta kamo ni a tsawo tun muna firamare ta wuce, har baƙi suna ɗauka ita ce babba. Inna takan ce tun da aka yaye ni cikina bai taɓa zama lafiya ba: yau gudawa, gobe kumburi, jibi ƙurajen baki da ke hana ni taɓa yaji. Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma a wancan zamani da shayi da burodi ake gane gidan mai albashi. Da dare tuwon dawa ko na masara muke ci kamar kowa, amma da safe akwai burodi, kuma da yake ni ce marar lafiya, ni ake yanka wa babban yanki. In na ƙi tuwo sai Baba ya ce, "Ku ƙyale ta, a sayo mata biskit." Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai san abin da ke damun 'yarsa ba, kuma babu ta yadda zai sani.

Akwai abu ɗaya da kowa ya lura da shi. Duk dogon hutu ana kai mu wajen Kaka a wani ƙauye ta wajen Giwa. Can burodi sai ranar kasuwa, shi ma ba ya isowa gidan. Koko da safe, fura da nono da rana, tuwon dawa miyar kuka da dare, sai dafaffen rogo da ƙuli, sai gyaɗa. Kafin hutu ya ƙare kumatuna sun fito, cikina ya sace, ina tsere da yaran gari. In muka dawo sai a ce ruwan ƙauye ya karɓe ni. Kaka kuma takan ce da Inna, "Ki bar mini ita, ku 'yan birni ba ku iya kiwon yaro ba." Ba a jimawa da komawa makaranta komai ya dawo sabo.

Haka na yi sakandaren kwana, na yi kwalejin horon malamai, ina lallaɓawa. Mutum yakan saba da ciwo har ya ɗauka kowa haka yake. Na san inda banɗaki yake a duk hanyar da nake bi. Na saba da ƙin cin abinci in za a yi tafiya, na saba da jiri in na ɗago daga sujada. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara. A jaka nake ɓoye ƙasar ina ɗan gutsura. Sai daga baya na ji cewa irin wannan kwaɗayi alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini.

Aure ne ya kai abin maƙura, ba don an cuce ni ba, sai don na shigo gari da gidan da alkama ke da daraja. Duk wanda ya san Kano ya san gurasa, ko bandashe da ƙuli da albasa, ko a naɗe ta da tsire. Uwar mijina gwana ce wajen alkubus da funkaso, miyar taushenta kuwa sai wanda ya ci. Garar da aka kawo mini akwai alkaki da dubulan da cincin, ga buhun fulawa, ga katan-katan na taliya. Ga semo da ya zama tuwon 'yan birni, ga indomi da ƙwai in an gaji, ga kuskus ranar Juma'a. Ni kuma amarya ina son in burge miji, kusan kullum hannuna cikin kwaɓin fulawa yake. Ba a rufe shekara ba na zube, ɗinkunan lefena sai da aka kai wa tela ya rage su.

Cikin farko ya zube yana ƙarami. Aka ce haka Allah ya so, na karɓa. Na biyu Allah ya raya shi, na haifi 'ya mace 'yar mitsitsiya bayan an ɗaura mini jini. Sai wani ɓarin ya sake biyowa. Ban san yadda zan kwatanta halin macen da ta kai matsayin in ta ga ɓatan wata gabanta ke faɗuwa maimakon murna ba. Ba na gaya wa kowa, ba na taɓa kayan jarirai, ina tafiya a hankali ina jiran abin da na san zai zo. A wajen awon ciki ungozoma takan ja fatar idona ta duba ta ce, "Malama, ba kya shan maganin ƙarin jinin da muke ba ki ne?" Wallahi ina sha, ban taɓa tsallake rana ba, amma awo bayan awo jinin yana nan inda yake.

Kowane asibiti da sunan da zai ba ciwon. Wannan ya ce olsa ce, ya hana ni yaji da tsami, ya ce in riƙa cin abu mai laushi irin burodi da shayi. Wancan ya yi awon taifod ya ce ya gani, aka jera mini allurai. A gida kuwa magana ɗaya ce: basir ne ya ci jikinta. Hajiya, uwar mijina, ba ta gajiya. Duk inda ta ji labarin mai magani sai ta aika. Na sha jiƙe-jiƙe da sassaƙe iri-iri, in gudawar ta ƙaru sai a ce alhamdulillahi, dattin ne ke fita. Don jini ya dawo kuma aka ɗora ni a kan lemon malt da madarar gwangwani safe da yamma, da kunun alkama mai kauri, daga baya aka ƙara da talbina daga kantin magungunan Musulunci. Duk wanda ya zo dubiya da ledar burodi mai yanka-yanka yake shigowa.

Sai ƙuraje suka feso mini a gwiwar hannu da gwiwoyin ƙafa da ƙugu, ƙanana masu ruwa, dama da hagu daidai wa daida, da ƙaiƙayi mai zafi da ke tashina cikin dare. Ga rama, ga gudawa, ga ƙuraje: ba sai na faɗa muku abin da unguwa ta fara raɗawa ba. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta cin abinci a gidana. Ni da maigidana muka je aka yi mana awon ƙanjamau, aka yi mini na tarin fuka, duk babu, amma takardar asibiti ba ta rufe bakin mutane. Wasu suka koma cewa sammu ne, wasu suka ce iska ce. A dangin miji aka fara zancen ya kamata ya ƙara aure, tunda wannan ba ta da ranar tashi. Maganar ta fi ƙurajen yi mini ciwo. Shi bai ce uffan ba, sai wani dare da ya dawo da ledar magani ya zauna a bakin gado ya ce, "Malama, wallahi na rasa inda zan sa kaina." A lokacin na riga na ɗauki hutun aiki, don na yanke jiki na faɗi a gaban allo, yara suna ta kuka. Na kira Yayata na ba ta amanar 'yata, na lissafa mata waɗanda nake bi bashi da masu bina. Na riga na sallama.

Yaya ce ta ƙi sallamawa. Ta matsa sai da aka ba mu takardar zuwa asibitin koyarwa, ɓangaren masu ciwon ciki da hanji. Likitar da muka samu matashiya ce, kuma ta yi abin da ba a taɓa yi mini ba: ta ajiye biro ta yi ta tambaya. Yaya bayan gidan yake, yana da maiƙo, yana tasowa saman ruwa? Tun yaushe? Na yi jinkirin fara al'ada? Akwai lokacin da nake samun sauƙi? Da na ba ta labarin hutun ƙauye sai ta ɗago kai ta ce, "Me kuke ci a can?" Ta daɗe tana duba ƙurajen, sannan ta ce, "Malama, akwai abin da nake zargi, amma don Allah kada ki canza komai a abincinki tukuna. Ki ci gaba da cin burodinki har mu gama awo." Dalilinta shi ne awon jinin yana neman wasu sojojin garkuwar jiki ne da ba sa yawaita sai mutum yana cin alkama. Wanda ya daina kafin awo, sakamakonsa kan fito fes alhali ciwon na nan. Ina roƙon duk wanda labarina ya sa shi zargin kansa ko ɗansa da ya riƙe wannan da kyau.

Awon ba shi da arha, kuma sai da aka aika jinin wani gari. Kwasar adashina a nan ta tafi, Yaya ta cika sauran. Makonnin jiran sun yi mini tsawo, ina tauna burodi zuciyata na ƙin sa. Jini ya nuna. Sai aka zura mini siririyar na'ura mai kyamara ta maƙogwaro har farkon ƙaramin hanji, aka ɗan tsinko tsoka aka kai ɗakin bincike. Ranar da sakamako ya fito likitar ta zana mini hoto a bayan kati. Ta ce cikin ƙaramin hanji a lulluɓe yake da 'yan tsiro-tsiro kamar gashin sabon tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai jini. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rye akwai wani furotin, gulutin, shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Ga mai siliyak kuwa, da ya isa hanji sai garkuwar jiki ta ɗauke shi maƙiyi ta far wa bangon hanjin, gashin nan ya cinye, wurin ya koma sumul. Daga nan ko me aka ci rabinsa wucewa yake yi, ƙarfe da kalsiyam da bitamin duk su bi bayan gida. Shi ya sa maganin ƙarin jini bai yi mini aiki ba, shi ya sa ban yi tsawo ba. Ta ce cutar in aka bar ta tana da alaƙa da ɓari da raunin ƙashi, kuma ƙurajen ma daga can ciki suka samo asali.

Na tambaye ta magani. Ta ce babu ƙwaya babu allura. Magani ɗaya ne, a bar gulutin gaba ɗaya, ba ragewa ba, har ƙarshen rai. Na yi kuka a ofishin nan, kuka mai haɗe da baƙin ciki da sauƙi. Ashe ciwona yana da suna. Ba maita ba ce, ba lalaci ba ne, ba raki ba ne.

Da na kai labari gida, wani ƙanin mijina ya ce ai wannan cutar Turawa ce, 'yan gayu ke yayinta. Maganarsa ce ta sa na duƙufa karatu. Gaskiya ne a Turai aka gano musabbabinta. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama, sai yunwar da ta auka wa ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙarfafa zarginsa: burodi ya ɓace, yara masu wannan ciwo suka samu sauƙi a tsakiyar yunwa, da burodi ya dawo suka koma ciwo. A 1950 ya gabatar da bincikensa. Ina karanta wannan tsikar jikina ta tashi, don labarin hutuna ne a gidan Kaka. Amma cutar ba ta tsaya a Turai ba. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, da yawansu ba a gano su ba, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi girma da aka taɓa samu a nan Afirka yake. Wani bincike da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, ya samu kashi 5.6 cikin ɗari suna da ita, kuma mutane ne da alkama ta zama babban abincinsu. Mu ma kakanninmu a kan gero da dawa suka rayu, alkama ta biki ce da marmari. Yau kuwa a ajina akwai yaron da daga safe zuwa dare ba abin da ya shiga cikinsa sai fulawa: burodi, biskit, indomi, taliya.

Barin burodi da taliya shi ne mai sauƙin, kowa ya san su. Wahalar tana wajen alkamar da ba ta nuna fuska. Semo alkama ce. Kuskus alkama ce. Lemon malt da garin shayi mai cakulan, da yawansu akwai sha'ir a ciki. Ɗanwake asalinsa garin wake ne da rogo da kuka da kanwa, amma yanzu akasarin na sayarwa fulawa ce ke riƙe shi. Wata mai waina takan zuba fulawa a ƙullu don ya haɗe. Ƙosai wake ne zalla, amma in a man da aka soya fanke aka soya shi, ya gama da ni. Dunƙulen magi wani da alkama wani babu, sai an karanta. Ni dai na koma daddawa da busasshen kifi da albasa mai yawa, kuma miyata ba ta rasa komai ba. Yajin mai tsire ban san da me aka ƙara masa auki ba, don haka nake daka nawa. Na koyi juya kowane kwali in karanta ƙananan rubutun baya, ina neman wheat (alkama) da barley (sha'ir) da rye da malt, in kuma kayan da suka shigo ta Nijar ko Kwatano ne, blé da orge, wato alkama da sha'ir da Faransanci. Ƙa'idar da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na ƙasa da ƙasa, ta gindaya wa duniya ita ce, abincin da za a rubuta wa cewa babu gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Wato ɓarɓashin da ya maƙale a wuƙar yanka burodi ma abin lissafi ne.

Na yi watanni ina kiyayewa, sauƙi ya zo amma bai cika ba, cikina yakan tashi ban san dalili ba. Likitar ce ta tambaye ni inda nake kai niƙa. Injin unguwarmu shi ke niƙa masarar kowa da dawar kowa, da alkamar masu ciwon suga da ake ce wa su ci tuwon alkama, duk ta baki ɗaya. Garina yana fitowa ne da ragowar na wanda ya riga ni. Na je na yi wa mai injin bayani. Da farko ya ce, "Haba Hajiya, 'yar wannan ƙurar?" Amma mutumin kirki ne, ya yarda ya riƙa wanke injin ya fara da nawa da sassafe. Ya yi iya ƙoƙarinsa, sai dai gari yana da maɓoya a cikin ƙarfe. A ƙarshe maigidana ya sayo mini ƙaramin injin niƙa na gida. Hatsi kuma yanzu daga Dawanau ake auno mini, in baza a faifai in tsince, don ƙwayar alkama kan faɗo cikin dawa ko gero daga buhun da aka sake amfani da shi.

Muciya da rariya da katakon yanka da tandar waina duk na sake sababbi, don itace da raga suna riƙe gari ko an wanke. Maigidana da kansa ya yanke hukuncin fulawa ta bar gidan gaba ɗaya, tunda in ana tankaɗe ƙurarta sauka take a kan komai. In ya yi marmarin gurasa a waje yake ci, ya wanke hannu da baki kafin ya shigo. Ban roƙe shi ba, kuma ba zan manta masa wannan ba. Akwai kuma abin da ba wanda zai kawo a ransa: ina kiwon kaji, mukan ɗaure ragon layya, kuma dusar alkama ce abincinsu. Kullum ina ɗiba da hannu ƙura na tashi a fuskata. Muka koma dusar masara da harawa.

Daga kicin na koma gaban madubi da banɗaki, kuma a nan ina so a fahimce ni, don a intanet akwai masu tsorata mutane domin su sayar musu da kaya masu tsada. Gulutin ba ya ratsa fata. Sai an haɗiye shi yake ɓarna, su kansu ƙurajen daga abin da aka ci suke fitowa, ba daga abin da aka shafa ba. Don haka tambayata a kan kowane abu ɗaya ce: zai iya kaiwa baki? Jan baki da man leɓe lashe su ake yi, su nake binciken abin da ke ciki. Haka man goge baki. Haka man shafawa na hannu, tunda da hannu muke cin tuwo. Wasu sabulan wanke gashi ana sa musu furotin na alkama. Likita ba ta hana ni su ba, ni ce na bar su don ruwan wanka kan shiga baki, kuma don hankalina ya kwanta. Na koma man kaɗanya da man kwakwa da sabulun salo da asuwaki, waɗanda ma sun fi arha. In aka rubuta mini magani ina tambayar mai haɗa magunguna wane sitaci aka haɗa ƙwayar da shi; yawanci na masara ne, amma tambaya ba ta da tsada. Garurrukan da ake tallata wa mata na gyaran jiki da na ƙiba, waɗanda babu rubutun abin da ke ciki, na yi musu sallama. A makaranta kuma lakar wasan yara mai launi da fulawa ake yin yawancinta, ga kwaɓin fulawar da muke liƙa takardu da shi, don haka ba na taɓa abinci sai na wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce.

Duk wannan aiki ne, kuma aiki ana sabawa da shi. Abin da ban saba da shi ba har yau shi ne mayar da hannun kyauta. A wajenmu ƙin abincin mutum kusan ƙin mutumin ne. Sallar farko bayan an gano ciwon, Hajiya ta yi funkasonta ta tura mini kwano ta ce, "Ɗiyata, ko loma ɗaya? Sallah ce fa." Na ce, "Hajiya, ki yi mini afuwa, loma ɗayar ce ke kwantar da ni." Na ga yadda fuskarta ta canza, kuma na san tana tuna kunun alkamar da ta yi ta dama mini da hannunta. A gidan biki an ce mini mai iyayi, an ce boko ya yi mini yawa. Wata ta rantse mini babu fulawa a wainarta, sai da na kwana ina murƙususu sannan ta ce ai ɗan cokali biyu ne kawai. Ba mugunta ba ce, ba ta yarda ɗan kaɗan zai iya yin komai ba. Yanzu ina ci a gida kafin in fita, in ɗauki dabino da gyaɗa a jaka, in an matsa in ce likita ya hana, in yi shiru.

Talbina ta fi tsaya mini a rai, don na san ta zo a hadisi, kuma da sha'ir ake yin ta. Na ji nauyin in ce abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba yana cutar da ni. Na je wajen malaminmu na Islamiyya na ce, "Allah gafarta Malam, yaya zan yi?" Ya ce zuma ma waraka ce, amma ana taƙaita wa mai ciwon suga ita, albarkar abu ba ta wajabta wa kowane jiki shi ba, kuma ƙa'idar addini ita ce babu cuta babu cutarwa. Na fito daga wajensa da sauƙin zuciya.

Sauƙin jiki kuwa a hankali ya zo. Gudawa ce ta fara tsayawa, sai kwaɗayin ƙasa ya tafi, sai jini ya fara hawa da irin maganin da a da ba ya aiki. Ƙurajen sun fi daɗewa. An gaya mini hanjin babba yakan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin ya warke sosai, ba kamar na yara ba. Azumin farko da na kai ƙarshensa ba tare da na sha ko ɗaya don ciwo ba, da kunun gyaɗa da ƙosan gida da dambun shinkafa na yi shi. Na koma aji. Daga baya Allah ya ba ni ɗa namiji, cikin da ya kai watanninsa ba ƙarin jini. Ban rasa abinci ba ko kaɗan: tuwon shinkafa, na dawa, na masara, sinasir, alale, fate, doya, dankali, fura, kunun tsamiya, da acca da nake sa a kawo mini daga Jos in yi dambu ko fate. Da Sallah nakiya nake yi da kantun riɗi. Hajiya ma da kanta ta sayi sabuwar tanda ta ware, ba a zuba komai a cikinta sai wainata ta shinkafa zalla, kuma ita ce yanzu ke tsawata wa masu matsa mini a taro. Abin da ya rage mini shi ne ƙashi. Awo ya nuna ya yi rauni saboda shekarun da aka rasa, ina shan kalsiyam da bitamin D ana bibiya.

Ba ina cewa alkama guba ce ba. Ga mafi yawan mutane halal ce mai amfani, kuma wanda ba shi da wannan lalura ba abin da zai ƙaru da shi don ya bi yayi ya bar ta. Akwai ma masu jin kumburi in sun ci alkama alhali ba siliyak gare su ba, awo ne ke rarrabewa. Amma yaron da ba ya girma, macen da jininta ya ƙi hawa duk da magani, mai gudawar da ta ƙi jin maganin taifod, ya kamata a ambaci wannan cuta a gaban likita a nemi awo.

Cutar tana bin jini. A cikin iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya na mai ita, kusan mutum 1 cikin 10 kan same ta, don haka likita ta ce a auna nawa. Ƙanwata ba ta da ita. Yayanmu namiji ya ce shi lafiyarsa ƙalau, har yau ina binsa da magana. 'Yata kuwa ba ta gudawa, ba ta ƙuraje, gajarta ce kawai da saurin gajiya, ga biskit da take ci a makaranta da gidan dangi. Awo ya nuna tana da ita. Na yi kwanaki ina jin nauyin ni na ba ta, amma an gano nata tun hanjinta bai gama lalacewa ba, kuma tsawon da ta yi bayan ta bar alkama ya ba kowa mamaki. Bana take gama firamare. Tana son makarantar kwana inda ƙawayenta za su, ni da babanta mun je mun ga kicin ɗin, tukunya ɗaya ce ta taliya da shinkafa, ludayi ɗaya, kuma babu yadda za a ware wa yarinya guda girki a cikin ɗaruruwa. Mun zaunar da ita mun yi mata bayani, ta yi fushi, ta yi kuka, daga baya ta yarda. Mun cike mata takardar makarantar jeka-ka-dawo da ke kusa da inda nake koyarwa, kuma na fara koya mata karanta bayan kwali da dafa dambun acca da kanta.